Ɗibar Jinin Yara Domin Awo a Asibiti: Lacca ga Hakimai da Malamansu

Abin da wannan lacca ta ƙunsa shi ne yadda a ke ɗibar jinin yaro marar lafiya domin a kai shi ɗakin awo na asibitin yara, da kuma abin da ya rataya a wuyan Hakimai da malamansu cikin wannan sha'ani. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan Hakimi da allura da kwalba, ai wannan aikin likita ne. Gaskiya ne, ba Hakimi zai riƙe allura ba. Amma yaron da za a ɗebi jininsa daga ƙasar Hakimi ya fito, uban da zai yarda ko ya ƙi talakan Hakimi ne, sunan da za a rubuta a jikin kwalba kuwa sau da yawa malamin Hakimi ne ya fara rubuta shi a takarda. Sabo da haka ya kamata su san yadda aikin ya ke tun daga farkonsa har ƙarshensa, don in talakawa sun tambaye su, su ba da amsa bisa sani.

DALILIN AWON JINI

Babban mutum in ya je wurin likita ya kan faɗi inda ke yi masa ciwo. Jariri ba shi da bakin faɗi sai kuka. Daɗin daɗawa, cututtukan yara da yawa kamarsu ɗaya a ido. Zazzaɓin cizon sauro, da sanƙarau, da ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, duk su kan zo da zafin jiki da amai da shiɗewa, amma maganin kowanne dabam ne. Tun shekara ta 1880, sa'ad da wani likitan soja Bafaranshe mai suna Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin wani majinyaci a ƙasar Aljeriya, likitoci suka gane cewa abin da ya ɓuya ga ido ya kan bayyana cikin jini. A shekara ta 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a ba da maganin wannan zazzaɓi sai an gwada jini tukuna, muddin da halin gwadawa.

To, ga inda maganar ta ke. Malamin ɗakin awo ba ya ganin yaron, 'yar kwalba kaɗai ya ke gani da takardar da ta zo da ita. Abin da ya samu a ciki shi zai rubuta, abin da ya rubuta kuwa da shi likita zai yi aiki. Matsayin jinin nan kamar na shaida ne a gaban alƙali. In an kawo shaidan da ba shi ne ya ga abin ba, ko wanda aka gurɓata maganarsa a hanya, kome adalcin alƙali hukuncin zai karkace. Haka nan jinin da aka ɗiba ba bisa ƙa'ida ba: zai sa a yi wa yaro maganin cutar da ba ya da ita, a bar wadda ke cinsa.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

Cikin watan Maris na shekara ta 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da ta Bukkuyum. Yaran su kan yi amai, su shiɗe, su mutu. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta, bai yi amfani ba. Sai aka ɗebi jinin waɗansu kaɗan daga cikinsu aka aika da shi wani ɗakin awo a Jamus. Amsa ta dawo cewa gubar dalma ce. Mutane suna haƙo duwatsun zinariya, suna dakawa suna niƙawa a cikin gidajensu, duwatsun kuwa cike su ke da dalma, yara suna wasa cikin ƙurar suna kai hannu baki. A ƙauyuka biyu da aka fara bincikawa, Dareta da 'Yargalma, an tarar wajen ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun mutu cikin shekara guda. An ƙiyasta yaran da suka rasu duka sun kai 400. A shekara ta 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Abu biyu ya kamata a lura da su cikin wannan labari. Na farko, 'yan kwalabe kaɗan na jini ne suka tona asirin cutar da ta ɗaure wa kowa kai, daga nan aka sami hanyar yi wa dubban yara magani. Na biyu, awon dalma kansa yana da tarko. Dalmar da a ke nema cikin jini kaɗan ce ƙwarai, ƙurar da ke fatar yatsan yaro kuwa ta isa ta shiga cikin ɗigon jinin ta ɗaga lissafi. Shafa sifirit kaɗai ba ya kawar da ita, sai an wanke hannu tas da ruwa da sabulu. Don haka in an ga lissafi ya hau a jinin yatsa, a kan sake ɗiba daga jijiya a tabbatar kafin a ɗora yaro a kan magani. Ashe sabulu da ruwa, waɗanda ba a ɗauke su bakin kome ba, suna iya raba amsar gaskiya da ta ƙarya.

NAWA A KE ƊIBA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun iyaye, musamman in an ce musu yaro yana da ƙarancin jini. Su kan ce, yaron da ba shi da jini, a kuma zuƙe ɗan abin da ya rage? Ga lissafin. Kowane kilo ɗaya na nauyin yaro yana ɗauke da jini wajen mililita 80. Yaro ɗan shekara guda mai nauyin kilo 10 yana da wajen mililita 800 ke nan, watau ya fi cikin kwalbar lemo biyu. Abin da a kan ɗiba domin awo mililita 2 ne ko 3, wajen rabin cokalin shayi. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ɗigo ɗaya ko biyu ya ishe shi. Jinin da wanzami ke fitarwa da ƙaho a zama ɗaya ya fi wannan nesa. Ɓargon ƙashi kuwa ba ya daina ƙera sabon jini dare da rana.

Amma fa jariri sabon haihuwa mai kilo 3 jininsa duka bai fi mililita 250 ba, bakwaini kuwa nasa bai kai haka ba. In yana kwance asibiti ana ɗiba kullum, abin ya kan taru. Shi ya sa a ke rubuta yawan abin da aka ɗiba, shi ya sa kuma ɓata jinin da aka riga aka ɗiba babban laifi ne, don tilas a koma a sake huda yaron.

Waɗansu su kan yi raɗe-raɗin cewa sayar da jinin a ke yi. Hakimi yana iya ƙaryata wannan da hujja. Ledar jinin da a ke ƙara wa majinyaci wajen mililita 450 ce, daga baligi mai lafiya a ke ɗibarta, ba a karɓar kyautar jini daga yara. Ɗan abin da ke cikin kwalbar awo kuwa an riga an gauraya shi da magani, ba shi da amfani a jikin kowa. In an gama aiki da shi, hallaka shi a ke yi tare da sauran sharar asibiti.

YADDA A KE ƊIBA

Kafin a taɓa yaro sai ma'aikaci ya gaya wa uwa ko uba abin da za a yi da dalilinsa, ya sami yardarsu. Sa'an nan ya wanke hannunsa, ya sa safar hannu, ya ɓare sabuwar allura daga ledarta a gaban idonsu. Allura ɗaya ta yaro ɗaya ce, da an gama sai a jefa ta cikin akwatin da aka tanada dominta. Allurar da aka maimaita tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙwayar cutar ƙanjamau daga wannan jiki zuwa wancan.

Wuraren ɗiba uku ne. Jaririn da bai wuce wata 6 ba a diddige a ke huda shi, a gefen dama ko na hagu, ba a tsakiya ba, ba kuma a bayan diddigen ba, zurfin hudar kuwa kada ya wuce wajen milimita 2. Dalili shi ne ƙashin diddige yana kusa da fata, in tsini ya taɓa shi yana iya ruruwa. Yaron da ya wuce wata 6 a kan huda shi a gefen kan yatsa na tsakiya ko wanda ke bi masa. Ba a huda babban yatsa ko manuni, ba a kuma huda ƙaramin yatsa don namansa ba kauri. In ana bukatar jini mai ɗan yawa, sai a nemi jijiya a gwiwar hannu ko a bayan tafin hannu, da 'yar siririyar allura.

A ko wanne, sai a goge wurin da sifirit a bar shi ya bushe da kansa, wajen rabin minti. In aka huda da danshinsa, zai ƙara wa yaro zafi, ya kuma farfasa ƙwayoyin jinin. In a yatsa ne ko a diddige, a kan share ɗigon farko da auduga a ɗebi na bayansa. Ba a matse wurin da ƙarfi kamar mai tatsar nagge, don ruwan nama zai fito ya surka jinin, ƙwayoyin jini kuma su fashe, sai awo ya nuna abin da babu shi a jikin yaron. In ƙafar jariri ta yi sanyi jini ya ƙi fitowa, ɗumama ta a ke yi, ba matsa ba. In a jijiya ne, robar da a ke ɗaure hannu da ita kada ta wuce minti ɗaya, kuma ba a ɗiba daga saman wurin da a ke yi wa yaro ƙarin ruwa, don ruwan ledar za a auna, ba jininsa ba.

Uwa tana da aiki a nan. In ta rungume yaron a cinyarta ta riƙe hannunsa sosai, ya fi a danne shi a kan tebur yana fizge-fizge. An kuma tabbatar cewa jaririn da a ke ba nono sa'ad da a ke huda shi ya fi jin sauƙin zafi. Bayan an zare allura sai a danna wurin da auduga mai tsabta har jini ya tsaya. Ba a sa masa ƙasa, ko toka, ko yawu.

KWALABE DA MURAFUNSU

Wanda ya ga ma'aikaci ya zuba jinin yaro ɗaya cikin kwalba biyu ko uku kada ya zaci ɓarna ce. Kowace kwalba da aikinta, launin murfinta ne ke nuna shi. Mai murfi shunayya tana da maganin hana jini daskarewa, da ita a ke ƙirga ƙwayoyin jini, a ke kuma gwada amosanin jini. Mai jan murfi an bar jini ya daskare a cikinta da gangan, don ruwan da ya taso sama a ke so. Mai ruwan toka ta awon sukari ce. Mai shuɗi ta awon daskarewar jini ce, lalle ne a cika ta daidai layin da aka zana mata. Akwai kuma kwalbar da a ke renon ƙwayoyin cuta a ciki don a san irinsu da maganin da ke kashe su. Ita a ke fara cikawa, kuma an fi so a ɗebi jininta kafin a fara ba yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kwalbar da ke da magani a ciki juya ta a ke yi a hankali wajen sau 8, ba a girgiza ta. In ba a juya ba jinin zai yi gudaji, in an girgiza zai fashe, ko wanne ya faru sai an sake ɗiba.

MAGANAR SUNA

A nan ne aikin malaman Hakimai ya fi fitowa fili. Ƙa'ida ita ce a rubuta sunan yaro a jikin kwalba nan take, a gefen gadonsa, kafin ma'aikaci ya matsa ga wani yaron. A rubuta sunansa da na ubansa, da shekarunsa, da lambar katinsa, da rana da sa'ar da aka ɗiba, abin da ke jikin kwalba kuwa ya zama daidai da abin da ke takardar awo. Ɗakin awo na kirki ba ya karɓar kwalbar da ba suna.

Amma kowa ya san yadda suna ya ke a ƙasar Hausa. A ɗaki ɗaya na asibiti ana iya samun Muhammadu biyar da A'ishatu huɗu. Ga Hassan da Husaini, uba ɗaya, rana ɗaya. Ga uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari sabo da alkunya, sai ta ba da laƙabi. Yau kaka ta kawo yaro ta ce Babangida, jibi uba ya kawo shi ya ce Usman, sai a buɗe masa kati biyu kamar mutum biyu. Haɗarin ba ƙarami ba ne. Tun shekara ta 1901 aka gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, in kuwa aka ƙara wa yaro jinin da bai dace da rukuninsa ba don an musanya kwalbarsa da ta wani, yana iya mutuwa a ranar.

Sabo da haka in malamin Hakimi, ko na Dagaci, ya rubuta wa uba takardar zuwa asibiti, ya rubuta sunan yanka na yaron, da na ubansa, da na kakansa in da hali, da ƙauye da unguwa, da ranar haihuwa kamar yadda ta ke a littafi. Ya kuma gargaɗe shi ya adana katin asibiti, ya riƙa zuwa da shi kullum, kada a ari katin wa a kai ƙane. Shekaru ma suna da muhimmanci, don lissafin da ya ke daidai ga ɗan kwana 3 ba shi ne daidai ga ɗan shekara 3 ba.

JINI A HANYA

Ba kowane ɗakin shan magani na ƙauye ke da kayan awo ba, sau da yawa a kan ɗebi jini a can a aika da shi babban asibiti. Jini kuwa ba ya jira. Ƙwayoyinsa suna nan da rai cikin kwalba suna cin sukarin da ke ciki, har ya kan ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace sa'a in ba a sa shi cikin kwalbar da ta dace ba. Zafin rana yana lalata shi. A kan ɗauke shi cikin akwatin sanyi, kwalabe a tsaye, a rufe, ba tare da sun taɓa ƙanƙara ba, don daskarewa ma tana fasa ƙwayoyin. Kwalbar renon ƙwayoyin cuta kuwa ba a sa mata sanyi. Wanda aka aika da irin wannan saƙo kada ya ratse kasuwa, kada ya sa kwalba cikin aljihu ko ya rataye ta kusa da injin babur.

Akwai wata dabara da ta sauƙaƙa wa ƙauyuka masu nisa. A farkon shekarun 1960 wani likita a Amurka mai suna Guthrie ya ƙago hanyar ɗiga jinin diddigen jariri a kan wata takarda ta musamman, a bar shi ya bushe, a aika da shi cikin ambulan. Da irin wannan takarda a ke gwada jariran da iyayensu mata ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau in sun kai mako 6, da ita kuma a kan gwada amosanin jini tun yaro yana jariri. Sharaɗinta shi ne a shimfiɗa ta a inuwa ta bushe sa'a 3 ko fiye, ba a rana ba, ba kusa da wuta ba, ba a taɓa wurin jinin da hannu, ba a kuma ɗora wata a kan wata tun da danshi.

Maganar amosanin jini ta cancanci kulawa. A shekara ta 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Nijeriya a kan haifi jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara. Yaron da aka gano tasa da wuri, aka ɗora shi a kan magungunan kariya, aka yi masa rigakafi, aka tsare shi daga sauro, ya fi samun rai da lafiya bisa wanda ba a gano ba sai ciwo ya kwantar da shi.

ABIN DA IYAYE ZA SU FAƊA

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In an riga an ba yaro magani a gida, na kemis ne ko jiƙo ne, a faɗa, don yana iya ɓoye ƙwayar cutar da a ke nema. In an yi masa ƙarin jini cikin wata 3 ko 4 da suka wuce, a faɗa, don ƙwayoyin jini su kan rayu wajen kwana 120, in an gwada amosanin jini a wannan tsakani jinin wanda ya ba da kyauta zai ruɗa awon. In ana sarrafa duwatsun zinariya a gida ko a unguwa, a faɗa. Kada kuma a hana jariri nono wai don za a ɗebi jini, sai in likita ne ya ce da bakinsa. Daga ƙarshe, a koma a karɓi amsa a kai wa likita. Jinin da aka ɗiba aka auna, amsarsa ta kwana cikin akwatin ofis ba wanda ya zo nema, an huda yaro a banza ke nan.

ABIN DA A KE FATA DAGA HAKIMAI

An riga an ga ƙarfin maganar Sarakuna cikin sha'anin lafiya. A shekara ta 2003 zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da waɗansu jihohi, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. A 2009 aka kafa kwamitin Sarakunan Arewa na kiwon lafiya ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, Hakimai da Dagatai da Masu Unguwanni suka shiga aikin gida-gida, ranar 25 ga Agusta 2020 kuwa aka tabbatar cewa ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka. Talaka ya fi gaskata abin da ya ji a ƙofar gidan Hakiminsa bisa abin da baƙo ya gaya masa.

Abin da a ke roƙo guda huɗu ne. Hakimi ya bayyana wa Dagatai da Masu Unguwanni ƙanƙantar jinin da a ke ɗiba da amfaninsa, su kuma su isar wa magidanta, musamman don kada uwa ta rasa izinin kai yaro asibiti in mijinta ba ya nan. Malamai su kyautata rubutun suna da ranar haihuwa. In an ji yara suna mutuwa bi da bi a wani ƙauye da ciwo iri ɗaya, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma nan da nan, a kuma taimaki waɗanda za su zo ɗibar jini. In kuwa an ga wani yana huda yara da tsohuwar allura, ko yana tara kwalabe ba suna, ko ya buɗe wurin awo ba da izni ba, a kai rahotonsa, don yardar da a ke nema daga talakawa ba za ta ɗore ba sai ma'aikata su ma sun tsare amanarsu.

Allah ya raya yaran ƙasa, ya ƙara wa shugabanni basirar kula da su.